Yadda za ka gyara jikin motarka 'yar Amurka ta koma kamar 'yar Turai da hannunka

Ka jera motoci biyu samfuri ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya an sauke ta daga Amurka, ɗaya kuma 'yar Beljiyam ce da ta biyo ta Kwatano. Ba sai an buɗe bonet ba, wanda ya san mota zai gane wacce ce wacce tun daga nesa. 'Yar Amurka tana da ɗan gilashi ruwan goro a gefen bamba ko a kusurwar fitilar gaba, siginarta ta baya sau da yawa ja ce, gurbin lambarta gajere ne mai faɗi, bayanta kuma cike yake da rubutu. 'Yar Turai siginarta ruwan goro ce gaba da baya, tana da ƙaramar sigina a madigadi ko a madubi, tana da fitilar hazo ta baya, gurbin lambarta dogo ne siriri.

Doka ce ta haifar da yawancin wannan bambanci. Ƙa'idar fitilu ta Amurka, FMVSS 108, ta wajabta alamar gefe, wato wancan ɗan gilashin ruwan goro, tun 1968, kuma ta yarda siginar baya ta zama ja. Ƙa'idojin Turai sun ce sigina sai ruwan goro, fitilar hazo ta baya kuma dole ce. Sauran kuma ɗabi'ar kamfanoni ce: tun shekarun 1980 BMW ke sayar da motoci masu baƙin kewayen taga da sunan Shadowline, Mercedes na da nata da take kira Night Package, kuma a Jamus mai sayen sabuwar mota yana iya cewa kada a manna masa lambar samfuri a but.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya gane aikin: kusan duk na cirewa ne da rufewa. Ƙyalli ya ragu, rubutu ya ragu, launin fitilu ya daidaita. Motar da aka lafta wa sitika da fukafukai da fitilu masu shuɗi ta yi nisa da abin da ake nema. Kuma abin da ke raba aiki mai kyau da wanda zai fara ɓarewa bayan sati biyu abu uku ne: tsabta, zafi, da ingancin kayan da ka saya.

Kafin ka taɓa komai

Fara da duba fenti. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka masu haɗari ne da aka saya a gwanjo, aka buga, aka fesa. Fentin kamfani yana jure zafi da jan gam, amma fentin da aka yi a gaggauce yana iya biyo sitika ya tashi ɓawo-ɓawo. Buɗe ƙofa ka duba gefen robar taga da bakin murfin tanki: idan ka ga layin da fenti ya tsaya, ko ɓurɓushin launi a kan roba, an sake fesa wurin. Manna ɗan salatif na takarda a wani lungu da ba a gani, danna shi sosai, sannan ka fizge. Idan launi ya biyo shi, kada ka manna komai a wannan ɓangaren. Fentin da bai kai wata guda ba kuwa a bar shi tukuna, domin tina tana ci gaba da fita daga cikinsa, za ta tayar da kumfa a ƙarƙashin duk abin da aka manna.

Sai wuri da lokaci. Ledar naɗe mota, wato leda mai gam da ake manna wa jikin mota don sauya masa launi, tana son zafin da ke tsakanin digiri 16 zuwa 30. Jikin baƙar mota da ta yini a rana a watan Afrilu yana wuce digiri 60, kuma a irin wannan zafi leda tana yin laushi kamar cingam, ta miƙe tun kafin ka ja ta, gam ɗinta ya cafke duk inda ya taɓa. Yi aikin a gareji ko rumfa mai katanga, daga bayan asuba zuwa hantsi. A lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna don ƙura ta kwanta, domin ledar da aka ɓare tana jan ƙura kamar maganaɗisu, kuma ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin baƙar leda mai sheƙi ana hango ta daga taku biyar.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana buƙatar sifirit rabin lita, zai fi kyau wanda aka rubuta isopropyl kashi 70 a jikin kwalbarsa; tsumma mai laushi marar gashi guda biyar ko shida; salatif na takarda naɗi biyu; wuƙar yanka leda mai faɗin milimita 9 wadda ake karya bakinta, da baki masu tsini sosai; katin gogewa mai bakin ƙyalle, ko tsohon katin banki da ka naɗe da tsumma; zaren kamun kifi mita biyu; da 'yan maɓamɓaran roba na cire kayan mota, domin sukudireba tana barin tabo. Motocin Jamus suna son sukudireba mai bakin tauraro, T20 da T25 da T30. Na Japan yawanci sifana mai lamba 10 ce ke kwance kusan komai.

Na'urar hura zafi ita ce babbar mataimakiya. Diraya ta gashi tana isa wajen cire rubutu da lanƙwasa leda, amma ba ta kai zafin da ake buƙata a mataki na ƙarshe ba. Ka lura cewa na'urar tana cin wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Idan za ka iya, nemi ma'aunin zafi mai kama da bindiga irin na masu aikin inji; na auna goshi ba a yi shi don wannan zafin ba.

Cire rubutun baya

Wannan ne ya fi sauƙi, da shi ya kamata a fara. Haruffan samfuri, irin su C300 ko 328i ko LE, kusan kullum gam mai fuska biyu ne kawai ke riƙe da su. Tambarin kamfani da ke tsakiyar but labarinsa daban: yawanci yana da ƙafafu da suka shiga huda a jikin ƙarfe. Na BMW ƙafa biyu gare shi. Idan ka cire shi za ka tarar da ramuka, kuma toshe su aikin mai gyaran jiki ne da mai fenti. Cire shimfiɗar cikin murfin but ka leƙa ta baya kafin ka yanke shawara. Shawararmu ita ce a bar tambarin kamfani a inda yake.

Wanke wurin. Hura zafi a kan harafi na daƙiƙa 30 zuwa 40, hannu na yawo, na'urar na nesa da kamu guda, har wurin ya yi ɗumin da za ka iya ɗora tafin hannu ka jure. Naɗe zaren a yatsunka, zura shi bayan harafin, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai zarto, kana karkata zaren wajen harafin don kada ya goge fenti. Harafin zai faɗo ya bar baƙin soso mai danƙo. Murza shi da babban yatsa yana da ɗumi, zai naɗe kansa ya fita. Abin da ya rage ka jiƙa shi da ɗan kananzir a tsumma na minti ɗaya, ka goge, ka wanke da sabulu nan take. Tina da fetur da reza duk ba su da gurbi a nan: tina tana dusashe saman fenti, reza kuma tana barin zanen da sai an sake fesawa.

Bayan haka za ka ga inuwar haruffan, domin fentin da ke ƙarƙashinsu bai sha rana ba. A farar mota ko ruwan azurfa, man goge fenti mai laushi da hannu yana kawar da ita cikin minti goma. A jar mota ko baƙa da ta shekara goma a rana, inuwar kan rage kaɗan, sai watanni sun daidaita ta.

Baƙanta kewayen tagogi

Nan ne motar ke sauya kama da gaske, nan ne kuma aka fi ɓata aiki.

Aikin shi ne a rufe ƙarfen nan mai ƙyalli da ya kewaye tagogi da baƙar leda. Ledar iri biyu ce. Akwai wadda ake zuba ta tana ruwa ta bushe siririya, akwai wadda ake murje ta tsakanin ƙarafa har ta baje. Ta biyun tana ƙoƙarin komawa yadda take a da duk lokacin da ta ji zafi, shi ya sa take janyewa daga gefe ta bar layin gam da ƙura ke maƙalewa. Ita ce masu rubutun allon talla ke amfani da ita, kamar Oracal 651, kuma a zafinmu ba ta daɗewa a wurin da ke da lanƙwasa. Nemi ta zubi: 3M 2080, Avery Dennison SW900, ko Oracal 970. Duba bayan takardar, sunan kamfani na nan a buge, kuma gefen gam ɗin yana da 'yan hanyoyin fitar iska da ake gani idan an karkata shi ga haske. A jerin 3M, G12 baƙi ne mai sheƙi, S12 mai matsakaicin sheƙi, M12 marar sheƙi. Mai sheƙin ya fi kama da na kamfani, amma ƙurar hunturu tana zane shi duk lokacin da aka goge shi a bushe. Ga motar da ke kwana a waje, S12 ta fi rufa asiri.

Naɗin yana zuwa da faɗin mita 1.52. Kada ka yanke zirinka ta faɗin, domin ƙarfen da ya bi saman ƙofofi daga gilashin gaba zuwa na baya a wasu motoci guntu ɗaya ne da ya haura mita 2. Sayi mai tsawon mita 3, faɗin santimita 30 zuwa 40, ka yanka shi ta tsawo ziri-ziri mai faɗin santimita 5. Wannan ya ishi mota mai ƙofa huɗu har da ragowar gyaran kuskure.

Wanke motar da yamma ka bar ta ta kwana, domin ruwa yana ɓuya a bayan robar taga ya fito daidai lokacin da ka hura zafi. Da safe goge ƙarfen da sifirit sau biyu, tsumma daban-daban. Naɗe tsumma a kati ka zura tsakanin ƙarfe da roba ka bi shi daga farko har ƙarshe. Za ka yi mamakin jar ƙasar da za ta fito, kuma a wannan lungun ne bakin ledar zai kwanta. Man sheƙi da masu wankin mota ke shafawa shi ne babban abokin gabar gam, ka ci gaba da gogewa har yatsa ya riƙa turjewa a kan ƙarfen. A motocin Jamus da yawa wannan ƙarfen alminiyam ne, wanda rana da omo ke sa shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Leda tana rufe wannan. Amma idan ya yi ƙuraje, bi shi da sanfefa mai lamba 1000 tukuna, in ba haka ba kowane ƙurji zai bayyana.

Manna salatif na takarda a kan fenti da gilashi, sama da ƙasan ƙarfen. Yana kare fenti daga bakin wuƙa, yana kuma hana leda kama inda ba a so.

Fara da miƙaƙƙen ƙarfen ƙasan tagar ƙofar baya, inda kuskure ba ya tsada. Ɓare takardar baya kamu ɗaya kawai, ɗora ledar a tsakiyar ƙarfen, bi ƙashin bayansa da babban yatsa, ka ci gaba da ɓarewa kaɗan-kaɗan ba tare da ja ba. Idan tsakiya ta zauna daga farko zuwa ƙarshe, sai ka kwantar da gefuna daga tsakiya zuwa waje. Yanke abin da ya yi saura ka bar milimita 2 zuwa 3, ka ɗaga bakin robar da kati ka cusa shi ciki. Wuƙar ta bi ramin da ke tsakanin ƙarfe da roba, nauyinta kaɗai ya isa, kada ka danna. Karya sabon baki a kowace ƙofa. Dakusasshen baki yana yayyaga leda, shi ne kuma ke sa mutum ya danna har ya kai fenti.

Lanƙwasar da ke bayan tagar baya ita ce jarrabawa. Idan lanƙwasar a hankali take, ɗumama ledar zuwa digiri 45 ko 50, ka ɗan miƙa gefen waje, ka bi da ita a hankali. Gefen ciki zai tattare ya yi kamar yatsu. Kada ka danne su, za su karye su bar tabo. Ɗaga ledar, hura mata zafi na daƙiƙa biyu, za ka ga ta miƙe ta koma sumul, sai ka sake kwantar da ita. Idan kusurwar mai kaifi ce, kamar ta BMW, bar zirin, ka yanko faffaɗan guntu kamar santimita 15 da 20, ka shimfiɗa shi a kan kusurwar baki ɗaya, ka yanke siffar. Inda guntu biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da milimita 4 ko 5: na gaba a kan na baya, na sama a kan na ƙasa, don iska da ruwa su bi ta kai su wuce. Alamar ka ja leda fiye da kima ita ce sheƙinta ya dusashe ko baƙin ya yi haske. Wurin da ya yi haka cire shi za ka yi, domin zai janye ko ba jima.

Ƙarshen kowane ƙarfe, inda ledar ke naɗewa ta baya, shi ne ya fi saurin tashi. Ɗan layin 3M Primer 94, ruwan da ke ƙara wa gam ƙarfin kamu, siriri a wurin, a bar shi ya sha iska minti biyar, yana riƙe shi gam. Kada a shafe ƙarfen duka da shi, ranar cirewa za ka sha wuya.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa. Duk inda ka miƙa leda ko ka naɗe ta, sake bin sa da zafi har ya kai digiri 90 zuwa 100, sannan ka danna da yatsa a cikin tsumma. Wannan zafin ne ke sa ledar ta manta siffarta ta da ta karɓi sabuwa. Idan ba a yi ba, ranar farko da motar ta yini a filin ajiye motoci gefunan za su miƙe tsaye. Hannu ya riƙa yawo, ka kare robar taga da kati, kada kuma ka tsayar da zafi a wuri ɗaya a kan gilashi. Wanda bai taɓa yi ba ya ware awa biyar zuwa shida.

Ragar gaba da murfin madubi

A nan sauyawa ta fi naɗewa. Hancin BMW samfurin E90 da F30, wato ragar gabanta, harsunan roba ne ke riƙe da shi, ana danna su ɗaya bayan ɗaya a zaro shi, a tura baƙi a gurbinsa har a ji ƙas. Mercedes W204 ta zo da fuska biyu daga kamfani: mai siraran layuka da tauraro a tsaye a kan bonet, da mai babban tauraro a tsakiyar raga. Idan ka koma ta biyun, sai ka sauya tauraron bonet da tambari mai kwanciya, kada mota ta zama mai tauraro biyu. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, tafi da tsohuwar ragarka a hannu ka gwada harsunan ɗaya da ɗaya, domin samfuri ɗaya kan sauya fuska a tsakiyar shekarunsa. Robar da ta shekara goma a rana tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, saboda haka ɗumama harsunan kaɗan kafin ka danna, ka kuma sayi 'yan maƙalai goma na ajiya.

Idan fenti za ka yi, ka sani ba ya kama kurom mai santsi, wato rufin nan mai ƙyalli kamar azurfa. Sai an kashe ƙyallin da sanfefa 320 ko 400, a goge da sifirit, a fesa share fagen roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama roba, sannan baƙi shafi uku marasa kauri, tazarar minti goma, gwangwani na nesa da santimita 20 zuwa 25. Shafi ɗaya mai kauri zuba yake yi.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan suna da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin raga. Tambarin da ka ga sumul kamar an rufe shi da gilashi, kada ka fesa shi, kada ka naɗe shi, kada ka sauya shi da na kasuwa. Birkin gaggawa na motar da shi yake gani.

Murfin madubi maƙale yake kawai. Karkata gilashin madubin ka ga harsunan ta ciki, ka saki na sama tukuna.

Fitilu

Kowace fitila tana ɗauke da shaidarta a jikin gilashi. Ta Amurka DOT ko SAE, ta Turai harafin E a cikin da'ira da lamba: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E11 Ingila. Lambar tana nuna ƙasar da ta ba da izini ne kawai, ba ta gaya maka gefen titin da aka yi fitilar dominsa. Abin da ke gaya maka shi ne kibiyar da ke kusa da haruffan C ko HC ko HCR ko DC a fitilar gaba. Idan babu kibiya, ta masu tuƙi a hannun dama ce, irin namu, domin Najeriya ta koma dama tun 1972, Nijar kuwa dama take bi. Kibiya mai kai biyu tana yin duka biyun. Kibiya mai kai ɗaya ta Ingila ce da ire-irenta, haskenta yana ɗagawa ta hagu, wato kai tsaye cikin idon direban da ke tahowa. Komai arhar ta, bar ta. Duba kuma soket ɗin baya ka ƙirga ƙafafunsa, domin fitilun Turai da yawa suna da ɗan injin ɗaga haske da sauke shi wanda wayarin 'yar Amurka ba lallai ta tanada ba.

Alamar gefe mai ruwan goro, idan a bamba take, cire ta ba wuya: kwance maƙalai biyu ko uku na robar cikin madigadi, zura hannu ka danna harshenta ta baya, ta fito. Mutane da yawa suna fesa ta launin mota su huta. Ba mu goyon bayan haka. A titin da babu fitilar kan hanya, wannan ɗan hasken ne mai babur da mai adaidaita sahu ke gani idan ka fito daga lungu. Sa farin gilashi ko mai ɗan duhu, ka saka ƙwai ruwan goro WY5W a ciki: da rana motar ta yi fes, da dare kuma ana ganinka. Idan alamar a cikin fitilar gaba take, kada ka fasa fitilar don cire ta. Fitilar da aka buɗe da wuya ta koma ta rufu kamar da, damina na zuwa za ta fara gumi ta ciki.

Siginar baya sai an yi gwaji. Kunna fitilar haɗari, wani ya taka birki, kai kuma ka tsaya a baya. Idan ƙwan birkin ne da kansa ke ƙiftawa, waya ɗaya ce ke ɗauke da aiki biyu, kuma sauya fitila kaɗai ba zai wadatar ba: sai an raba layin, ko a sauya saitin kwamfutar motar. A Volkswagen da Audi ana yi da manhajar VCDS ko OBDeleven, a BMW da manhajar BimmerCode, kuma a adana saitin asali kafin a taɓa komai. Wannan aikin mai wayarin ne da ya saba da irin motar. Idan kuwa sigina na da ƙwanta daban amma gilashin ja ne, sauya fitilar duka da ta Turai shi ne mafita, domin ƙwai ruwan goro a bayan jan gilashi ja zai fito, kuma dishi-dishi.

Ƙwan PY21W mai ruwan goro da farin P21W kamarsu ɗaya, amma ƙafafun na farko a karkace suke da digiri 150, na biyun kuwa suna fuskantar juna a 180. Idan ƙwai ya ƙi shiga, ba nasa ba ne, tilasta shi fasa mazauninsa yake yi. Motocin Amurka da Japan da yawa kuma ƙwan da ake cusawa kai tsaye ba a murɗa ba suke amfani da shi, 7440, wanda ruwan goronsa shi ne WY21W.

Idan ka saka LED sigina ta fara ƙiftawa da sauri, ba lalacewa ta yi ba. Ƙwai mai wat 21 yana jan wajen amfiya 1.75, LED kuwa kaɗan take ja, sai motar ta ɗauka ƙwan ya ƙone. Ana haɗa resista mai om 6, wat 50, tsakanin wayar sigina da ta ƙasa, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, a kowane ƙwai. Tana yin zafin da ke narka roba, don haka a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, nesa da wayoyi da shimfiɗar but. A tsofaffin Toyota da Honda sauya rilen sigina da mai karɓar LED ya fi tsabta. Kowace mahaɗa a yi mata dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da salatif shi ne mafarin wutar da ke ɗaukewa a kan hanya. Fesa baƙi a kan fitilar birki kuwa ba kamannin Turai ba ne ko kaɗan, rage hasken da ke hana a buge ka ta baya ne.

Fitilar hazo ta baya, idan fitilun da ka saya sun zo da ita, ta cancanci wahalar jan waya da maɓalli. A hazon hunturu mai kauri ko ruwan sama mai ƙarfi tana da amfani ƙwarai. Haskenta ya kai na birki, saboda haka a kashe ta da zarar hanya ta washe.

Lamba da leɓe

Lambar Turai santimita 52 ce da 11. Ta Amurka inci 12 da 6, wajen santimita 30 da 15, kuma lambar Najeriya wannan fasalin ta bi. Ke nan dogon mazaunin lamba irin na Jamus ba zai karɓi lambarka ba, kuma lanƙwasa ta, yanke ta, rufe ta da duhun gilashi ko saka wata lambar waje a ƙarƙashinta neman magana ne da jami'an kiyaye haɗurra. Cire firam ɗin dilan Amurka mai rubutu, ka sa siririn baƙi wanda bai rufe ko harafi ɗaya ba, da noti marasa tsatsa. Baƙin gilashi ma maganarsa daban, a Najeriya yana buƙatar izinin 'yan sanda.

Siririn leɓe a bakin but yana ƙara kyau idan bai wuce yatsa biyu ba. Gwada shi a bushe, auna tazarar hagu da dama, yi alama da salatif. Goge duka fuskokin da sifirit, yi amfani da gam mai fuska biyu na 3M na jikin mota, ɓare bakin takardar kaɗan a kowane gefe, daidaita, sannan ka zare ta a hankali kana dannawa daƙiƙa 30 a kowane wuri. Irin wannan gam yana kai rabin ƙarfinsa a minti 20, cikakken ƙarfi sai bayan awa 72, don haka a ɗaure leɓen da salatif ya kwana. Leɓen ƙasan bambar gaba kuwa ka auna tukuna: idan tsakanin bamba da ƙasa bai kai santimita 15 ba, tudun rage gudu na farko zai tafi da shi. Idan dole ne, sayi na roba mai lanƙwasuwa, a ɗaure shi da noti. Na faiba tsagewa yake yi.

Baƙar robar da ta koɗe ta zama toka-toka, a gindin gilashin gaba da ƙasan bamba, tana ɓata duk aikin da ka yi a sama. Kada ka bari a shafa mata man birki ko baƙin mai. Man birki yana cin fenti duk inda ya ɗiga, baƙin mai kuma ƙura yake tarawa. Wanke ta da burushi da sabulu, goge da sifirit, ka shafa rinin roba na mota shafi biyu da soso, bayan ka kare fentin gefe da salatif.

Kwana uku na farko kada ruwa ya taɓa motar, kada kuma a sauke gilasan da ledarsu ta shiga ƙarƙashin roba a ranar farko. Washegari ka zagaya da yatsa a kan kowane gefe, inda ya ɗan ɗaga ka ɗumama ka danne tun ƙura ba ta shiga ba. Daga nan wanki da sabulun mota da soso mai laushi, a fara zuba ruwa ya kwashe ƙura kafin hannu ya sauka. A wurin wanki ka gaya wa yaron ya ja bakin injin feshi baya da taku ɗaya idan ya zo tagogi, kada kuma ya nufi bakin ledar da shi, ya bar omo da man sheƙi a kan taya kawai.